Dare 50 Na Ka'abu Ɗan Maliku: Darasi Kan Amsa Laifi

A kowace ma'aikata ta Gwamnati akwai wata takarda wadda babu ma'aikacin da ke son ya tarar da ita bisa teburinsa da safe, watau takardar tuhuma, wadda akan ba mutum kwana ɗaya ko biyu ya kawo hujjar da za ta hana a hore shi. Duk wanda ya daɗe a aikin ofis ya san irin amsar da akan mayar: mota ce ta mutu a hanya, masinja ne ya ɓatar da fayil, ba a kawo sanarwa da wuri ba, wanda ya riƙe kujerar a da shi ne ya bar aikin a dagule. Haka abin yake a makarantu ran da sakamakon jarrabawa ya fito. Ɗalibin da ya haye cewa yake shi ya ci, wanda ya faɗi kuwa cewa yake malam ne ya kayar da shi.

Harshen Hausa kansa ya tanadar wa mai son ɓuya mafaka. Yaro ya saki tulu, in an tambaye shi sai ya ce tulu ya fashe. Babba ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, in an tashi bincike sai ya ce an yi kuskure. Ita wannan "an" ba ta da suna, ba ta da lambar aiki, ba kuma mai iya kiran ta gaban kwamiti. Abin da ke yi wa harshe nauyi shi ne mutum ya ce, "Ni na yi kuskure."

Malaman addini suna ganin al'amarin ya wuce na ladabin ofis. A wurinsu, wanda ba ya iya amsa laifinsa ba ya iya tuba, wanda ba ya tuba kuwa zuciyarsa ba ta ƙaruwa, ko da ya shekara yana jera nafila a kan nafila. Labarin da suka fi kafa hujja da shi a nan shi ne na Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi, wani Sahabi mutumin Madina. Shi da bakinsa ya ba da labarin, ɗansa Abdullahi wanda ke yi masa jagora bayan ya makance ya riwaito, Buhari da Muslimu suka kawo shi da tsawonsa a littattafansu.

YADDA ABIN YA FARU

A shekara ta 9 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 630 Miladiyya, Annabi Muhammadu (S.A.W.) ya umarci Musulmi su yi shirin fita zuwa Tabuka, wajen kilomita 700 arewa da Madina, domin su tari Rumawa. A al'adarsa ba ya bayyana inda runduna ta dosa, amma a wannan karo ya faɗa a fili saboda nisan tafiyar da yawan abokan gaba, domin kowa ya yi guzurin da ya dace. Lokacin kuwa na tsananin zafi ne, ga dabino ya nuna, ga inuwa ta yi daɗi. Masu tarihi sun ce mutum kimanin 30,000 ne suka fita. Babu wani littafi da aka rubuta sunayensu a ciki, saboda haka wanda ya so ya zame yana iya zaton ba za a lura ba.

Ka'abu ba baƙo ba ne a cikin Musulunci. Yana cikin mutanen Madina da suka yi mubaya'a a Aƙaba kafin Hijira, yana kuma ɗaya daga cikin mawaƙa uku da suka shahara wajen kare Annabi da harshensu, shi da Hassanu ɗan Sabitu da Abdullahi ɗan Rawaha. Masu tarihi sun ce ran Uhudu, sa'ad da aka baza jita-jitar an kashe Annabi, shi ne ya fara gane shi yana raye. Ya kuma shaida a kan kansa cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar na lokacin Tabuka ba, domin har abin hawa biyu gare shi, abin da bai taɓa haɗawa ba a da.

To, me ya hana shi fita? Ba kafirci ba ne, ba kuma tsoro ba. Jinkiri ne kawai. Kullum da safe sai ya fita da niyyar yin shiri, ya dawo bai yi komai ba, yana gaya wa ransa ai duk lokacin da ya so zai iya gamawa. Ana nan har runduna ta tashi. Ya ce zai shirya cikin kwana ɗaya ko biyu ya cim musu, nan ma bai yi ba, har suka yi nisan da babu sauran zancen bin su. Da ya zaga cikin gari sai abin ya dame shi, domin bai ga kowa ba sai wanda ake zargi da munafunci, ko kuwa mai rauni wanda Allah ya yi wa rangwame.

Annabi bai ambace shi ba sai da aka isa Tabuka, inda ya tambayi abin da ya same shi. Wani mutum daga cikin danginsa, Banu Salima, ya ce ado da jiji da kai ne suka tsare shi. Mu'azu ɗan Jabal ya tsawata wa mutumin, ya ce su dai ba su san Ka'abu da komai ba sai alheri. Annabi ya yi shiru.

RANAR BAHASI

Da labari ya zo cewa runduna ta juyo, sai hankalin Ka'abu ya tashi. Bai ɓoye ba cewa abin da ya fara zo masa shi ne ƙarya. Ya shiga saƙa uzurin da zai fitar da shi, har ya nemi shawarar masu hankali a cikin iyalinsa. Amma da aka ce ga Annabi ya kusa shigowa gari, sai duk saƙar ta warware, ya tabbata babu abin da zai tsirar da shi matuƙar akwai ƙarya a cikinsa.

Annabi idan ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci, ya yi raka'a biyu, sa'an nan ya zauna wa jama'a. Waɗanda ba su fita ba suka yi ta zuwa, su 80 da 'yan kai, kowa da uzurinsa da rantsuwarsa. Annabi ya karɓi abin da suka bayyana, ya nema musu gafara, ya bar wa Allah abin da ke cikin zukatansu. Kowannensu ya koma gida a ranar ba tare da an ce masa uffan ba.

Da Ka'abu ya zo ya yi sallama, Annabi ya yi murmushi irin na mai fushi, ya kira shi kusa, ya tambaye shi abin da ya hana shi fita alhali ya riga ya sayi abin hawa. Amsar da ya bayar ita ce zuciyar labarin duka. Ya ce da a gaban wani mai mulkin duniya yake zaune, lalle da ya san yadda zai kuɓuta, domin Allah ya ba shi baiwar iya magana. Amma ya san in ya yi ƙarya yau Annabi ya yarda da shi, ba da daɗewa ba Allah zai sa ya yi fushi da shi, in kuwa ya faɗi gaskiya aka yi fushi da shi yau, yana fatan kyakkyawan ƙarshe daga Allah. Sa'an nan ya rantse cewa ba shi da wani uzuri. Annabi ya ce wannan kam ya faɗi gaskiya, ya umarce shi ya tashi ya jira hukuncin Allah.

Fitarsa ke da wuya sai wasu daga cikin danginsa suka bi shi da faɗa. Suka ce ba su taɓa sanin ya yi wani laifi kafin wannan ba, me ya hana shi kawo uzuri kamar sauran, ai neman gafarar da Annabi zai yi masa ya ishe shi. Suka matsa masa har ya kusa komawa ya ƙaryata kansa. Sai ya tambaya ko akwai wanda ya faɗi irin abin da ya faɗa. Aka ce akwai mutum biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, dukansu mutanen kirki. Jin haka ne ya tsayar da shi a kan maganarsa.

HORON SHIRU

Aka hana jama'a magana da su ukun. Ba a ɗaure su ba, ba a doke su ba, ba a ci su tara ba, amma Madina ta zame musu kamar baƙon gari. Murara da Hilalu suka shige gida suna ta kuka. Ka'abu, da yake shi ne ƙarami kuma mafi ƙarfin hali, yana fita salla, yana shiga kasuwa, ba mai tanka masa. Yakan gai da Annabi bayan salla ya tsaya yana tunanin ko leɓɓansa sun motsa da amsa. Yakan yi salla kusa da shi yana satar kallo: in ya dukufa kan sallarsa sai Annabi ya dube shi, in ya waiwayo sai Annabi ya kau da kai.

Da abin ya yi tsawo sai ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa, wanda ya fi so a cikin mutane. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya haɗa shi da Allah ya faɗa ko ya san shi da son Allah da Manzonsa. Shiru. Ya maimaita, shiru. A karo na uku Abu Ƙatada ya ce Allah da Manzonsa ne suka fi sani. Ka'abu ya juya yana hawaye ya sake haura katangar.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa a kasuwa. Wani baƙo daga Sham wanda ya kawo abinci sayarwa ya yi ta cigiyarsa, mutane suka nuna shi da hannu. Baƙon ya miƙa masa wasiƙa daga Sarkin Gassan, Balarabe mai ƙawance da Rumawa. Wasiƙar ta ce sarki ya ji an wulaƙanta shi, mutum irinsa kuwa bai kamata ya zauna inda ake tozarta shi ba, ya taho a karrama shi. Ga mawaƙi kamar Ka'abu wannan tayi ne na fada da dukiya. Ga mai laifi kuwa tayi ne na abin da zuciya ta fi so, watau wani ya ce masa ai kai aka zalunta. Ka'abu ya ce wannan ma wani bala'in ne, ya nufi tanderu ya cusa wasiƙar a wuta.

Da aka cika dare 40 sai ga manzo da umarnin su ƙaurace wa matansu. Ka'abu ya tambaya ko saki ake nufi, aka ce a'a, nisanta kawai. Ya sallami matarsa zuwa gidan iyayenta. Matar Hilalu ta je ta roƙa a bar ta ta riƙa yi wa mijinta hidima, domin tsoho ne ba shi da mai taimako, aka yardar mata. Wasu suka ba Ka'abu shawara shi ma ya nemi irin wannan sauƙi, ya ƙi, ya ce shi mai ƙuruciya ne, bai san amsar da za a ba shi ba.

Da asubahin dare na 50, yana zaune bisa rufin wani ɗaki bayan salla, duniya ta yi masa ƙunci duk da faɗinta, sai ya ji murya daga kan dutsen Sala'u ana kiran sunansa ana yi masa albishir. Ya faɗi ya yi sujada. Wani ya sukwano doki domin ya kawo labarin, amma muryar mai hawan dutse ta riga dokin isowa. Ka'abu ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai albishir, ba shi kuwa da wasu a ranar, sai da ya yi aro kafin ya tafi masallaci. Jama'a suka yi ta tarbarsa ƙungiya ƙungiya. Yana shiga Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya taso da sauri ya kama hannunsa, abin da bai taɓa mance masa ba. Annabi, fuskarsa tana walƙiya don murna, ya gaya masa wannan ce rana mafi alheri a gare shi tun da aka haife shi, kuma gafarar daga Allah take. Ayar da ta sauka a kansu ita ce ta 118 a Suratut Tauba.

Ka'abu ya ce zai ba da dukiyarsa duka sadaka. Annabi ya ce ya riƙe wani sashe ya fi masa, sai ya riƙe rabonsa na Haibara. Sa'an nan ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara faɗin komai ba sai gaskiya muddin ransa.

ABIN DA YA RABA MUTUM 3 DA MUTUM 80

Laifin da mutum 80 ɗin nan suka yi shi ne dai laifin da mutum 3 suka yi. Abin da ya raba su shi ne maganar da kowa ya faɗa sa'ad da aka tambaye shi. A ranar farko masu uzuri ne suka yi kamar sun ci riba, masu gaskiya suka kwashi kashinsu a hannu. Bayan dare 50 ma'auni ya juya. A cikin sura ɗaya aka yabi ukun, aka kuma tona asirin masu rantsuwar ƙarya a ayoyi na 95 da 96. Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne canjin da ya auku a cikin mutumin kansa. Ka'abun da ya shiga masallaci ran bahasi mutum ne mai dogaro da kaifin harshensa, mai yaudarar kansa da "gobe". Ka'abun da ya fito bayan dare 50 ya san rauninsa, ya ga wasiƙar sarki bai girgiza ba, ya kuma iya cewa a lokacin da yake ba da labarin bai sake yin ƙarya da gangan ba tun daga ranar da ya ɗauki alkawari. Ya ce bayan shiriyar Musulunci babu ni'imar da ta fi masa girma kamar gaskiyar da ya faɗa a wannan rana. Da an karɓi uzurinsa, da ya koma gida da halinsa na da, da ƙarin ƙarya ɗaya a kansa, wadda zai yi ta gadinta har ya mutu.

Wannan bambanci ya girmi Tabuka. Alƙur'ani ya nuna Annabi Adamu da Iblis duk an ba su umarni, duk ba su cika ba. Adamu da Hauwa'u suka ce su ne suka zalunci kansu, suka nemi gafara, aka karɓa. Iblis ya kawo hujjar cewa wuta ta fi yumɓu, daga baya ya ɗora wa Ubangijinsa alhakin ɓatansa. Saboda haka ne malamai ke jan kunne game da yadda ake amfani da kalmar ƙaddara. Wanda gobara ta cinye wa shago, ko aka yi masa rasuwa, ƙaddara ce maganin zuciyarsa. Wanda ya yi barci a bakin aiki har ɓarna ta auku, in ya ce haka Allah ya so domin ya rufe bakin masu tambaya, ya mai da imani garkuwar sakaci.

SHARUƊƊAN DA KOWA YA KARANTA

Ba sai mutum ya yi zurfi a ilmi kafin ya san wannan ba. Littafin Ahalari, wanda almajirai ke farawa da shi a makarantun zaure na ƙasar Hausa, tun a shafinsa na farko ya jera sharuɗɗan tuba: nadama a kan abin da ya wuce, niyyar ƙin komawa, da barin saɓon nan take. Ya kuma hana jinkirta tuba da hujjar ana jiran sai Allah ya shirya mutum. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo waɗannan sharuɗɗa a babin tuba na Riyadus Salihina, inda ya sa labarin Ka'abu, ya ƙara da na huɗu: in laifin ya shafi wani ɗan Adam, sai an mayar masa da haƙƙinsa ko an nemi ya yafe.

Mai karatu zai lura cewa babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da zai yiwu ba tare da amsa laifi ba. Ba a nadama a kan abin da masinja ya yi. Ba a ƙudurta barin abin da ba a yarda an aikata ba. Sharaɗi na huɗu kuwa shi ne ya fi shafar ma'aikacin Gwamnati, domin kusan duk kuskurensa a kan wani yake faɗawa. Akawun da ya danne takardun wani tsoho har wata shida ba a biya shi fansho ba, da malamin da ya rubuta wa ɗalibi maki ba daidai ba ya gane daga baya ya yi shiru, da ma'ajin da ya taɓa kuɗin baitulmali da niyyar mayarwa, ko sun yi istigfari dubu da carbi akwai sauran aiki a gabansu. Sai an fito da fayil ɗin, an gyara makin, an mayar da kuɗin. Haka ɗalibin da ya kwafi aikin wani ya karɓi takardar shaida da shi: abinci zai ci da ita shekara da shekaru, nauyin kuwa yana nan.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Amsa laifi ba ya nufin tallar zunubi. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda Allah ya rufa masa asiri a kai, addini ya hana shi ya kwana ya tashi yana ba mutane labari. Wanda ake amsa wa laifi shi ne Allah, sai wanda aka cuta, sai wanda ke da ikon tambaya. Laifin Ka'abu na aikin jama'a ne, shugabansa kuma ya tambaye shi, shi ya sa ya amsa a bainar jama'a.

NAUYIN DA KE KAN SHUGABA

Wani zai ce ai labarin da kansa ya nuna mai gaskiya ne ke shan wuya, kuma a ofis ba wahayin da zai sauka ya wanke shi bayan dare 50. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ma'aikacin da ya amsa laifi yana iya rasa ƙarin girma, yana iya samun takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, alhali abokinsa mai iya tsara magana ya wuce sumul. Masu nazarin aikin Gwamnati da yawa suna ganin korar ma'aikata fiye da 10,000 da aka yi a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammed, duk da kyakkyawar niyyar da ke bayanta, ta bar tsoro a zukatan ma'aikata, ta kuma koya wa wasu kare kai kafin komai. Addini bai yi wa mai gaskiya alkawarin ba zai yi hasara ba. Abin da ya nuna masa shi ne wace hasara ce ta fi sauƙi.

Duk da haka shugaba yana da ikon sauƙaƙa wa na ƙasa faɗin gaskiya, hanya mafi kusa kuwa ita ce ya fara da kansa. Wata rana Annabi ya ja sallar rana mai raka'a huɗu ya sallame a ta biyu. Abubakar da Umaru suna nan, amma kwarjini ya hana su magana. Wani Sahabi da ake kira Zul Yadaini ya tambaya ko an rage salla ne ko kuwa mantuwa aka yi. Annabi ya tambayi jama'a, suka gaskata mutumin, nan take ya tashi ya cika abin da ya rage ya yi sujadar rafkanuwa. Babin ƙabli da ba'adi da kowane almajiri ke haddacewa yana da tushe a nan, kuma yana nuna cewa ita salla kanta an tanadar mata hanyar gyara, a gaban mamu, ba tare da liman ya ji ya zube ba. Halifa Umaru ma, a wasiƙarsa ga alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gane ta yau.

WANI MISALI DAGA INGILA

Wannan darasi bai tsaya ga al'umma ɗaya ko zamani ɗaya ba. A ran 22 ga Maris, 1963, John Profumo, Ministan Yaƙi na Ingila, ya tsaya gaban Majalisar Wakilai ya musanta cewa akwai wani abin kunya tsakaninsa da wata mace. Ƙarya ya yi. Ya ɗauki hanyar mutum 80, hanyar kuwa ta kai shi mako 10 da 'yan kwanaki kawai. A farkon Yuni ya rubuta wa Firayim Minista Harold Macmillan ya amsa cewa ya yaudari Majalisa, ran 5 ga wata aka sanar da murabus ɗinsa daga minista da kuma kujerarsa ta wakilci.

Ya amsa a makare, bayan ramin ƙarya ya ƙure, a nan ne ya bambanta da Ka'abu. Amma abin da ya yi bayan haka ya sa har yau ake ambatonsa. Bai rubuta littafin kare kai ba, bai zargi 'yan jarida a fili ba, bai nemi komawa siyasa ba. Ya tafi Toynbee Hall, wata cibiyar taimakon matalauta a gabashin London, ya fara da ƙananan ayyuka irin su wanke kwanuka, daga baya ya zama mai tara mata kuɗi, har ya shugabance ta. Ya shafe fiye da shekara 40 a wannan aiki. A 1975 aka ba shi lambar girma saboda hidimarsa, ya rasu a 2006 yana da shekara 91. Ƙaryar ta ci masa muƙami, amsawar ta ba shi damar ya zama wani mutum dabam da wanda ya tsaya gaban Majalisa.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ma'aikacin da takardar tuhuma ta iske shi gobe da safe, da ɗalibin da zai duba allon sakamako, kowannensu zai sami masu ba shi shawara irin ta dangin Ka'abu, masu ƙaunarsa da gaske, su ce kawo uzuri kamar kowa. Zai iya samun mai aiko masa da wasiƙa irin ta Sarkin Gassan, ya ce ai kai aka zalunta. In uzurin gaskiya ne, to ya faɗe shi, domin addini bai ce mutum ya ɗauki laifin da bai yi ba. In kuwa ya san a ransa sakaci ne, ya tuna cewa mutum 80 da 'yan kai sun koma gida lafiya a ranar farko, mutum 3 kuwa sun yi dare 50 ba mai yi musu magana, kuma ayar waɗannan ukun ce ake karantawa a masallatai shekara fiye da 1,400 bayan haka. Allah ya ba da ikon gyarawa.